Farfesan Kabeji Ya Feɗe "Na Ja"

Allah ya yi wa ƙungiyarmu ta masu lambu baiwa da Herr Eberhard Klawitter. Sauran ƙungiyoyin bakin kogin Weser shugabanni kawai gare su. Mu masani muka samu. Tsohon sufeton makarantu ne, kuma da ya yi ritaya sai ya ga bai dace ilimi ya zauna banza ba, ya juyo da shi kanmu. Yakan auna shingen kowa da rula. Yakan leƙo ya gyara wa mutum nahawu kyauta, ko da mutumin da karensa yake magana. A bayan idonsa Farfesan Kabeji muke ce masa, saboda girmamawa.

Bana ya zo da babban tunani: a sare tsohuwar bishiyar tuffa ta bakin ɗakin taro, wadda jikokinmu suke hawa, a gina zauren lacca. Mai laccar ma an riga an samu. Ya ce ranar zaɓe ƙuri'a ɗaya za a yi. Wanda ya ce ja, wato i a harshen ƙasar nan, ya amince da shi da zauren. Wanda ya ce nein, wato a'a, ya ƙi su duka biyun.

Ranar Asabar ya bi lambu-lambu yana jin ra'ayin talakawansa. Ya iske tsoho Hinnerk durƙushe cikin dankali.

"Hinnerk, kana tare da ni?"

Hinnerk ya dubi bishiyar, ya dubi dankalinsa. "Na ja," ya ce, ya ci gaba da tono.

Sakatariyarmu, Frau Tönnies, ta ɗaga kafaɗa ta ce haka. Mai kiwon zuma ma haka. Ni ma haka.

A nan ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san ma'anar kalmar na ja a harshen ƙasar. Ita kake faɗa in surukarka ta tambaye ka ko miya ta yi daɗi, alhali ba ta yi ba. "To, haka dai." Sai dai yaro bai yi zurfin karatun Farfesa ba.

Da yamma ana gasa tsiran alade Farfesa ya miƙe, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali.

"'Yan'uwa, jahili yakan ji na ja ya ɗauka shakka ce. Kuskure! Bari mu feɗe kalmar. Ja, i ke nan, ba gardama. Na kuwa jan numfashi ne, irin na wanda zuciyarsa ta cika har magana ta gagara. Mutumin arewacin ƙasar nan ba ya zuzuta abu. In ya ce na ja, rantsuwa ya yi."

Matarsa Irmgard ta ja gefen rigarsa. "Zauna mana, Eberhard, namanka zai huce."

"Irmgard, na faɗi gaskiya ko ban faɗa ba?"

"Na ja."

"Kun ji ko! Da na nemi aurenta ma abin da ta ce ke nan."

Ranar zaɓe ya zo cikin kwat, ya ajiye mai zarto a waje yana jira a mota. Frau Tönnies ta soma kiran suna, kowa ya amsa da bakinsa.

"Hinnerk?"

"Nein."

Haka aka yi ta tafiya, nein na bin nein. Da aka zo kan Irmgard ta faɗi nata tana kallon jakarta. Farfesa bai girgiza ba. Ya ce jama'a kunyar yabo suke a gaban ido, shi zai nuna musu yadda ake amincewa ta ƙarshe.

"Herr Klawitter?"

Ya miƙe, ya gyara laktaye, ya cika ƙirji da iska. "Na ja!"

Frau Tönnies ta dube shi ta saman tabarau. "Ba ruwansa. Sai na gaba."

"Yaya ba ruwana? Ai na yi bayani!"

"Ka yi, ranka ya daɗe. Mun ji."

Aka kira mai zarto ya ci kek, ya tafi. A tarihin ƙungiyarmu, Herr Klawitter ne shugaba na farko da ko shi kansa bai goyi bayan kansa ba.