Akuyar Inna da Wata Mai Kwana Talatin

Wallahi ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa aka yanka akuyar Inna a banza ba. Kuma ni ban nemi shiga maganar ba, Kawu Adamu ne ya tsoma ni.

Sojoji sun sauke yayana Haruna daga bas a kasha, wato kamen samari, aka tura shi hidimar dole ta shekara biyu. Kullum Inna sai ta tambayi saura kwana nawa. Rannan Kawu ya nuna ni ya ce, "Ga Bature a gida, ba kwamfuta yake aiki ba?" (Shara nake yi a wani shagon kwamfuta a Omdurman. Kwas na wata uku na shiga, na gudu a na biyu.)

Ni kuwa da baki, na ce da salon Larabcin Sudan, "Ya zol, wannan ai wasa ne." Na zauna na rubuta ɗan shiri a kwamfuta: a ba shi ranar kamu, shi kuma ya riƙa rage kwanaki. Watanni suka dame ni, wannan talatin, wancan talatin da ɗaya, Fabrairu kuma mahaukaci. Sai na yi musu adalci, kowa talatin.

Kullum na dawo unguwarmu Mayo da yamma ina shelar lamba tun daga ƙofa kamar kwandastan bas. Inna ta daina tambayar kowa sai ni.

Ranar da shirin ya nuna sifiri aka yanka akuyar da muke shan nononta. Aka yi kisra, wato wainar dawa, maƙwabta suka cika tsakar gida, Inna ta ɗaura sabon tobe, wato lafaya, ta zauna bakin ƙofa. Duk raksha, wato keke mai ƙafa uku, da ta tsaya, sai Inna ta miƙe. La'asar, magariba, babu Haruna. Mutane suka ci nama, suna satar kallona, suka sulale.

Washegari mai shagon ya duba, ya ce na haɗiye kwana goma. Na koyi cewa wata ba ya son adalci. (Haruna sai bayan wata bakwai ya dawo, yana dogara sanda.)

Amma ranar da mai shagon ya duba, da dare na rugo gida da hujja. "Inna, na gyara! Ba laifin injin ba ne, saura kwana tara cif!"

Kawu ya fara musu, ina mayarwa. Inna tana kankare tukunya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Akuya ɗaya gare ni, ka cinye. Kar ka sake ƙirga min ɗana."