Ranar da Na Yi wa Kakar Nok Wanka

Shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe laburaren unguwarmu a Cheetham Hill, Nok, abokiyar aikina 'yar Thailand, ta gayyace mu bikin sabuwar shekararsu a Birmingham. Ina jin ta ce ana watsa ruwa, na garzaya na sayo ƙatuwar bindigar ruwa.

A mota matata ta ce, "Baban Amira, ka dai tambaya tukuna."

Na ce, "Ni da na kalli bidiyo har biyu?"

Muna shiga zauren bikin na hango Nok gaban wata tsohuwa, mutane sun yi layi da ƙananan kwanuka. Kai, har an fara babu ni! Na saita Nok, ta sunkuya, na jiƙa tsohuwar sharkaf.

Ashe kakar Nok ce, ana zuba mata ruwa mai ƙamshi kaɗan-kaɗan a hannu don neman albarka. Wasan ruwan sai an fita waje.

Tsohuwar ta goge tabarau, ta yi magana da yarensu, aka fashe da dariya. Nok ta ce, "Wai tana tambaya, gobara ce ta kama ta?"

Har yau, ko burodi ne ya ƙone, sai matata ta ƙwala kira, "Ina ɗan kwana-kwanan gidan nan?"