Maƙalar Tabawa a Kan Saiwar Tsamiya

A wani daji mai yawan malamai, akwai wata tsohuwar tsamiya da dabbobi ke taron ƙara wa juna sani a gindinta duk ƙarshen damina. Wanda bai taɓa gabatar da maƙala a wurin ba, ko ya haddace dajin kaf, ɗalibi ake ce masa. Tabawa, wata gafiya mai rami a cikin saiwoyin tsamiyar, har ta fara furfura ana ce mata ɗaliba, kuma abin yana ci mata rai.

Bana dai ta sami abin faɗa. Tana cikin haƙa ta tarar gara ta cinye cikin saiwoyin tas, sai ɓawo. Da farko gabanta ya faɗi. Da ta nutsu kuma, sai ta ga ai wannan bincike ne da ba wanda ya riga ta. Ta rubuta tsakurensa a ganyen kargo, ta kai wa Malam Zalɓe, magatakardan taron.

Zalɓe ya duba ganyen da ido ɗaya, ya ce, "Ɗaliba, sharaɗinmu guda ne, ba ma sassauta shi. Taro ba ya karɓar abin da aka riga aka ji. In kika bari maganar nan ta fita, ko a kunnen mijinki ne, ta zama tsohon zance, mu mayar miki da ganyenki. Je ki jira, za a neme ki."

Tabawa ta koma ta ja bakinta ta ɗinke. Kullum da safe sai ta taɓa saiwa ta ji ta ƙara laushi, sai ta leƙa hanya ko ɗan aiken Zalɓe na tafe. Ita kanta ba ta san wanne ya fi tsorata ta ba, faɗuwar itacen ko faɗuwar maƙalar. A hankali ta kwashe kayanta ta kai ramin yayarta, ta ce wai shara za ta yi.

Ilu, kuregen da ke zaune da matarsa a kogon sama, ya tare ta wata rana. "Maƙwabciya, itacen nan yana wani irin ƙara in iska ta taso. Ke da ke ƙasa, lafiya dai ko?"

Maganar ta zo mata har baki. Ta tuna shekarun da ta yi tana zama a bayan taro tana tafa wa wasu.

"Lafiya lau, Malam Ilu," ta ce. "Ka dai daure ka zo taro."

Da jiran ya ishe ta, ta koma wa Zalɓe. Ya kwantar mata da hankali, ya ce a al'adarsu kowace maƙala ana aika ta ga wanda ya fi kowa sanin fannin, kuma a harkar saiwa babu kamar Malama Gara. Ita Garar ta karɓa hannu biyu, ta dai nemi a ƙara mata lokaci, don aiki ya yi mata yawa a kwanakin nan.

Iskar ruwan ƙarshe ce ta kayar da tsamiyar, da rana tsaka. Ilu ya tsira da karaya. Matarsa na cikin kogo.

Tabawa ta je gaisuwar rasuwar matar, ta zauna can gefe, ta kasa ɗaga ido ta dube shi. A nan Zalɓe ya same ta, ya miƙa mata ganyenta cikin ladabi.

"Mai tantancewa ta yaba ƙwarai," ya ce a hankali. "Ta ce duk abin da kika rubuta gaskiya ne, ita shaida ce. Sai dai kwamiti ya lura yanzu kowa ya sani. Ki sake gwadawa baɗi, ɗaliba."

Taron bana an mayar da shi gindin wata ɗorawa. Malama Gara ta riga kowa zuwa, don duba wuri.