Haske Ba Ya Zama a Kan Babu

"Lafiya lau, sai tsufa," in ji Torleif, yana cire takalmi a bakin ƙofa. "Ke fa, har yanzu ba ki sami aikin yi ba?"

Tuva, jikarsa, ko juyowa ba ta yi ba. Sana'arta haɗa bidiyo a kwamfuta, kuma ƙarfe huɗu kwamitin bikin tashar jiragen ruwa ke jiran aikinta: hasken fitilar hasumiyar garin, mai yi wa jirage jagora, yana juyawa, ba komai a bayansa, don su ɗora shi kan hoton bikin. A kan baƙin bango hasken fes yake fita. Da ta cire bangon sai ya ɓace. Ga shi har biyu ta wuce.

Tsohon, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana tsaron wannan fitila, ya jawo kujera ya ƙura wa allon ido. Ba abin da ya gani sai dara-daran fari da toka.

"Mayafin teburin kakarki kika sato?"

"Alamar wurin fanko ne, Kaka. Kamar kanka."

"Kan nan jirage dubu ya shigo da su gida. Naki fitila ɗaya ta gagare shi."

"An ce barci kake yi, jiragen su shigo da kansu. Wanda ya raina tsayuwar wata dai, ya hau ya gyara."

"Na hau. Matakala ɗari da arba'in, kullum."

Ta yi masa bayani a gajarce don ya bar ta ta sarara. Ya saurara, ya tambayi ko da gaske iyayenta sun tura ta karatu birnin Bergen shekara uku ba wanda ya gaya mata haske ba ya ganuwa sai ya sami abin taɓawa. Ya ce in sama ta yi garau, ko daga gindin hasumiya ƙwan fitilar kawai ake gani. Hannun hasken nan mai tsawo da take ta fama ta zana, hazon teku ke fito da shi.

"Wato in zuba hazo."

"Kaɗan. Kamar hankalinki."

Tuva ta ce shirme ne, amma hannunta na kan aiki. Ta shimfiɗa siririn hazo daidai hanyar hasken, ta rage masa kauri har dara-daran suka riƙa leƙowa ta cikinsa. Ta cire bangon. Hasken ya tsaya daram, yana juyawa.

Torleif ya bi hasken da ido, leɓensa na motsi yana ƙirga.

"Ya yi kyau. Fitilar su waye?"

"Tamu mana."

"Tamu sau biyu take ƙiftawa ta huta. Wannan uku take yi, uku kuwa ta mutanen tsallake ce. Ki bar shi haka, masunta sun daɗe ba su yi dariya ba."

Nan Tuva ta tuna rabin kwamitin masuntan ne. Ta goge ƙiftawa ɗaya, ta sa shi ya ƙirga hutun da bakinsa, ta tura aikin huɗu saura kwata.

Sannan ta tashi ta kawo masa kofi da waina mai cuku a kai, ta tambaye shi me za ta rubuta gaban sunansa cikin jerin waɗanda suka yi aikin.

"Rubuta mai fitila."

"Mai hazo dai."

"To mayar da ƙiftawar ukun."

Dariya ta ƙwace mata. Ta tura masa tata wainar ma.

"Ci, mai fitila."