Ku Dawo wa Mijina da Malafarsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin "Wani Sabon Bincike Ya Nuna", uban masana, jagoran masu fararen riguna, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba, amma maganarsa ta fi ta matar gida tasiri a cikin gidanta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da ɓerayen gwajinku baki ɗaya, ina neman afuwar katse maka aiki. Na san a wannan lokacin kana can kana gano wani abin da za ka janye baɗi.

Ni tela ce. Mijina mai fentin gidaje ne, kuma zabiya ne, wato fatarsa da rana ba sa ga maciji. Shekara goma sha tara ke nan ina ɗinka masa riguna masu dogon hannu, da malafar yadi mai faɗin baki wadda take rufe kunne da ƙeya. Kullum da safe sai na shafe masa wuya da kunnuwa da man kare rana, yana ta mita wai zan makarar da shi. Abokan aikinsa Farfesa suke ce masa, don ba ya buɗe baki sai da "bincike ya nuna". Abin da ya fito daga ofishinka ya zauna daram. Abin da ya fito daga bakina kuwa, wannan surutun maman yara ne.

Wata huɗu da suka wuce ka aiko masa da albishir ta waya, da manyan baƙaƙe, cewa masu shan gahawa sun fi tsira daga kansar fata. Ga abin da albishir ɗin naka ya haifar, a jere, don na ji ana cewa ba ka fahimtar magana sai da lamba.

Na ɗaya. Washegari ya rataye malafar a ƙusar bayan ƙofa, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ce shi yanzu daga ciki yake kare kansa. Man shafawar kuma ya miƙo mini, wai in shafa wa keken ɗinkina idan ya fara ƙara. Ranka ya daɗe, a wane shafi ka rubuta cewa gahawa tana yin inuwa?

Na biyu, kuma wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Shayina. Shayin da ya ce saboda shi ya aure ni, a gaban ƙannena ya faɗa. Yanzu ya daina sha, wai ka ce a kan shayi "babu gamsasshiyar hujja". Shekara goma sha tara yana shanye kofi biyu yana lashe baki, wace hujja ce ta rage? Ko sai na aiko maka da shi a fulas ka ɗanɗana?

Na uku. Gahawar kuwa bai tsaya a kofi ukun da ka ambata ba, don a lissafinsa idan uku suna rage haɗari, shida za su kore shi gaba ɗaya. To ga shi nan. Hannu na rawa, baki ba ya hutawa. Mutumin da yake ja wa bango layi ba tare da igiya ba, ran nan ya yi wa wata baiwar Allah fentin ƙofa har da rabin gilashin taga. Sau bakwai yake saukowa daga tsani neman banɗaki, ya koma ya manta inda ya tsaya. Abokin aikinsa, wanda suke kira Dogo, ya zo har gida ya roƙe ni don girman Allah in riƙa sirka masa da ruwa, don tun safe yake yi musu lacca a kan hanta da ƙwayoyin halitta, su kuwa so suke su gama bene su tafi.

Na huɗu. Ba kai ne bara waccan ka ce gahawa tana tayar da bugun zuciya ba? Lokacin har gwangwanin gahawar da aka kawo mana tsaraba ya kyautar. Ina tambaya ne cikin ladabi: ofishin naka ɗaya ne, ko ku biyu ne kuke gaba da juna?

Na biyar. Na sa tabarau na karanta saƙon naka da kaina, tun daga sama har ƙasa, abin da Farfesa bai taɓa yi ba. Kai, ranka ya daɗe, ashe kai ma tela ne! Ado a waje, ainihin ɗinki a ciki. Can ƙasa, bayan tallan takalmi da na maganin ƙiba, ka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa "mai yiwuwa ne", cewa "ba a tabbatar gahawar ce sanadi ba", cewa wannan "ba ya maye gurbin kare fata daga rana", kuma duk wanda ya ga ƙurjin da ya ƙi warkewa ya je ya ga likita. Madalla da wannan gaskiya. Amma me ya sa ka ajiye ta inda sai mai haƙurin zura zare a allura zai kai? Na nuna masa. Ya ce ai da maganar tana da muhimmanci, da a sama ka sa ta.

Na shida. A nan zan ajiye wasa kaɗan. Akwai wani ƙurji a saman kunnensa na hagu. Wata uku ke nan. Ya bushe, ya yi ɓawo, ya ɓalle, ya dawo. Ni nake wanke rigar matashin kansa, ni nake ganin ɗigon jinin. Sau biyu ina karɓo masa katin ganin likitan fata, sau biyu yana cewa ai yana kan magani, ya ɗaga mini kofi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira yayarsa ta yi masa tatas, duk a banza. Har dabara na yi, Allah ya yafe mini, na ce masa wani sabon bincike ya nuna malafa ta fi gahawa. Ya kalle ni ya ce wace jami'a ce ta yi, ta keken ɗinki? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, don wallahi mutumin akwai ban dariya. Da ya fita na zauna na yi kuka.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba na ce ka yi ƙarya ba, na san martabar ofishinka ta wuce nan. Juya rigar kawai za ka yi. Ɗauko wancan layin na can ƙasa ka mai da shi sama, da manyan baƙaƙen nan naka, ka fara shi da kalmominka masu albarka, ka aiko masa. Gahawar kuma ka sauke ta ƙasa kusa da tallan takalmi, ba za ta yi fushi ba. Na sake karɓo kati na uku, ranar Alhamis ne da ƙarfe goma na safe. Idan saƙon ya iso ranar Laraba, na san mijina, da kansa zai tashe ni mu tafi, yana yi mini bayani a hanya kamar shi ya gano.

Na ga ka ce mutum dubu ɗari da wani abu ka bincika kafin ka yi magana. Sannu da ƙoƙari. Na san idan ɗaya ya faɗo daga cikin wannan lissafi, ko alƙalaminka ba zai girgiza ba. Ni kuwa, ranka ya daɗe, duk binciken nawa mutum ɗaya ne, kuma yana kan tsani yanzu haka, kai ba hula, rana tsaka.

Ina durƙushe ina jiran sakamakonka na gaba, Allah ya ƙara wa ofishinka basira, ya kuma ƙara wa ƙananan baƙaƙenka girma.

Taka mai biyayya,
Matar Farfesa,
tela, mai shayin da babu gamsasshiyar hujja a kansa.