Tazargaden Inna Ta Samu Ofis

Ranar Talata ɗiyata Zulai, 'yar wata tara, ta tashi jikinta kamar garwashi. Na goya ta zuwa ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can bayan Bungudu. Malam Bashar mai duba mu ya buɗe mini kabad. Kwalaye ne jere gwanin sha'awa, ba komai a ciki, tun ranar da Mai Girma ya zo buɗe wurin.

"Maman Zulai, ki kai ta Gusau," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kafin ki samu mota ki jiƙa tazargade ki yi mata wanka. Amma ba ni na faɗa ba."

Na wuce wurin surukata Inna Tambaya, wadda ba a taɓa rasa ƙullin tazargade a ɗakinta ba. Sai ta miƙo mini takarda mai hatimi.

"Mine ne wannan, Inna?"

"Takardar yabo ce, ɗiyata. 'Yan kwamitin gwamnati sunka zo sunka kwashe ta gari duka, wai za su bincika ko tana magani."

"Ba ki ce musu da ita kika raini 'ya'ya takwas ba?"

"Na nuna musu mijinki. Sun ce ba irin wannan shaidar suke so ba."

Awa uku bas ɗinmu ya yi a layin mai, ina yi wa yarinya fifita da mayafi. A Gusau likita ya duba ta, na sayi maganin a kemis da kuɗin kazata. Da jikin ya sassauta, na biya ofishin kwamitin in karɓo wa Inna kayanta. Ga ƙullin nan cikin akwatin gilashi, har tsumman da ta ɗaure shi, an rubuta masa sunan Turanci, fanka na kaɗa masa.

Malam Jibo mai gadi ya ce, "Hajiya, makulli na hannun Shugaba. Ya tafi ƙasar waje da mutum sha biyu, koyon yadda ake jiƙa tazargade."

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Ni ba na faɗa da bincike. An ce a can waje har ƙwayar zazzaɓi ake yi da danginta, kuma in sun kawo, ni ce farkon layi. Amma a ɗauke na gida kafin a kawo na kabad, da me za mu riƙe yara?

Zulai ta warke, alhamdulillahi. Na ji kwamitin zai dawo saboda zogale. Na ce wa Inna in sun tambaya, ta ce musu bishiyar ado ce.