Tallan da Ya Kashe Mama Saratu

Ranar da Mama Saratu, mai tuwo a bakin makarantarmu a Kafanchan, ta ce in tsara mata talla a jaridar ɗalibai, na ji a raina lokacina ya zo. Na ƙi zana kwano ko miya, wai kowa na iya wannan. Na sa hotonta cikin kayan zumuntar mata, na kewaye shi da furanni, farar kurciya a sama, a ƙasa na rubuta: "Hannunki ya ciyar da mu."

Na manta baƙi da fari ake buga jaridar. Tallan ya fito sak sanarwar mutuwa da ake mannawa a ƙofar coci.

Kwana biyu ana zubar da tuwo, ba mai zuwa saye, kowa ya ɗauka ta rasu. Wani ɗalibi ya kai jaridar garin Madakiya, ƙanwar Mama da ke can ta taso tana kuka, ta tarar da ita tana tuƙa tuwo.

Mama ta dube ni ta ce, "'Yata, ai da kin sa ranar biso, mu shirya."

Har yau in na shiga rumfarta sai ta ɗaga murya: "Ku ƙara mata nama, kada ta sake binne ni!"